Gutsuren Alkaki

Tun Abdulbaƙi yana yaro a Jakara ba a kiransa da sunansa na yanka. Tsinke ake ce masa. Uwarsa ta yi masa ɗure, ta jiƙa masa saiwoyi, ta kai shi wurin wanzami, duk a banza. In ya tuɓe riga zai yi wanka a bakin rijiya, sai yaran gidan su kewaye shi suna ƙirga haƙarƙarinsa da ƙarfi kamar masu biya karatu. Ya taso yana ɗaukar wa ubansa buhunan citta da kanumfari a ka, daga inda mota ke saukewa har rumfarsu a Kasuwar Kurmi. A lokacin ko ciwon kai ba ya yi, amma ba wanda ya taɓa yaba masa da wannan. Ita lafiya ba a ganinta a jikin mutum, ƙiba ake gani.

Da ya isa aure ya je neman wata yarinya a Dala. Kakarta ta leƙo zaure, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Wannan ko kansa bai ciyar ba, da me zai ciyar mini da jika?" Yarinyar tuni ya manta sunanta. Maganar tsohuwar kuwa ta zauna masa daram, har ya ɗauki alwashin in dai yana raye sai ya ajiye tumbi.

Zaituna ce ta aure shi a tsinkensa. 'Yar gidan masu kayan gara ce, tun daga kakarta sana'arsu ke nan: alkaki, nakiya, dubulan. A sana'ar akwai doka ɗaya da ba a takawa. Alkakin da ya karye wajen suya ba ya shiga kwallar amarya, don dangin ango za su buɗe su gani, a yi ta yi da mutum har suna. Sai a ware gutsuren gefe. A gidan uwarta yaran unguwa ake rabawa. A gidan Zaituna kuwa maigida ya ce a ajiye masa, ita ma ta ji daɗin ajiyewar, don tana son ta ga ya murmure. Kullum bayan tuwon dare sai ta kawo masa a 'yar tasa, yana ɗigar da mai da zuma.

Abdulbaƙi yana da saurin baki a ƙuruciya. Ya sake ta sau ɗaya don tuwo ya yi gudaji ranar da abokansa suka zo. Ya sake ta na biyu don ta tafi barkar haihuwar ƙanwarta ba ta jira ya dawo daga kasuwa ba. Duka biyun shi ya je biko da ƙafarsa. A na biyun, yayanta Malam Abdulhakeem ya zaunar da shi a zaure ya ce, "Igiya uku ce, ka tsinka biyu a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wannan da ta rage, da ita kaɗai aurenka ke rataye. In ka tsinka ta, ko ni ba ni da ikon mayar maka da ita." Ya ji tsoro ƙwarai. Daga ranar ya koyi haɗiye magana, suka zauna shekaru masu yawa, suka haifi 'yarsu Nana A'isha, suka raine ta har suka aurar.

Da ubansa ya rasu ya gaji rumfa, ya daina ɗaukar buhu, ya zauna. Allah kuwa ya buɗa masa ta wata hanya. Ya haɗa wani yaji na citta da masoro da kimba da wasu saiwoyi da ba ya faɗar sunansu, ya ce yajin maza ne. Magidanta kan zo su tsuguna, su yi ta cinikin kanumfarin da ba sa buƙata, sai sun ga ba kowa sannan su rage murya su ce, "Alhaji, wannan haɗin naka, wani abokina ne ya aiko ni." A duk Kurmi ba a taɓa samun mai lalurar da kansa ba, kowa abokinsa ne ba lafiya. Shi kuma sai ya ƙulle musu a leda, ya bubbuga cikinsa ya ce, "Ka ce masa ya dube ni."

Akwai abin dubawa kuwa, don tumbin ya zo. Da safe shayi mai kauri da masa tana ninƙaya a man shanu. Da rana shinkafa da lemon kwalba mai raɓa. Da la'asar fura da nono, sukari sai cokali ya tsaya. Da dare tuwo, sannan gutsure. Hanyar da yake bi da buhu a ka, yanzu adaidaita sahu ke kai shi ya dawo da shi. Ya je Makka ya dawo da haƙori, sunan Tsinke ya mutu. Ado mai tasbaha, maƙwabcin rumfarsa kuma taubashinsa, shi kaɗai ke iya taɓa shi.

"Alhaji, wata nawa ne yanzu? In haihuwar ta matso a faɗa mana mu tanadi rago."

"Baƙin ciki zai kashe ka, Ado. Kai da ko iska ta kaɗa sai ka riƙe ginshiƙi."

"Ni dai ina ganin yatsun ƙafata. Kai yaushe rabonka da naka? In sun aiko da gaisuwa zan isar."

Abin ya zo masa a hankali, kamar yadda gara ke cin azara. Da fari gajiya ce, ya idar da azahar sai gyangyaɗi. Sai wani nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, kamar an cusa masa dutsen guga. Daga nan kuma sai abin da ake sakaya ƙofa dominsa ya fara yi masa gardama. Yau ya amsa, gobe ya ƙi, har aka kai ya daina amsawa gaba ɗaya. Zaituna ba ta taɓa yin ƙorafi ba. In ya juya mata baya yana huci sai ta ce, "Gajiya ce, Alhaji, kasuwa ba wasa ba." Da safe ta kai masa ruwan wanka kamar kullum.

Ya ɗebi yajinsa a ɓoye ya zuba a farfesu. Ya ƙara, ya kuma ƙarawa. Bai samu komai ba sai ƙwannafi. A nan ya fara sanin abin da ya daɗe yana sayar wa mutane, amma bai fasa sayarwa ba.

Wa zai tambaya? Shi ne wanda ake tambaya. In maganar ta fita a Kurmi da hantsi, kafin la'asar ta kai Ƙofar Mata. Ya ce wa ransa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ya ja bakinsa. Ya koma ga abin da kowane namiji ya sani, wato wanda ƙarfinsa ya ragu ci zai ƙara. Ya sa a riƙa yi masa farfesun jelar sa da na ƙafar sa, da dabino jiƙe a madara da zuma, da kunun aya mai sukari. Zaituna ta yi masa duka, amma wata rana da ta ga ya sunkuya zai ɗauki buta yana nishi kamar mai sauke buhu, ta ce, "Alhaji, numfashinka ya canza. Ko mu ɗan rage maiƙon nan da zaƙin? Gutsuren ma sai in riƙa ba yara."

"So kike in rame a ce na karye a kasuwa? Ko kin gaji da hidimar ne?"

"Allah ya ba ka haƙuri."

Gutsure ya ci gaba da zuwa.

Nana A'isha ce ta matsa masa a kan ciwon gefen nan har ya yarda ta kai shi asibiti. Aka ɗebi jininsa, aka shafa masa wani abu mai sanyi a ciki aka ɗauki hoto. Likitar mace ce, Shamsiyya sunanta, ba za ta girmi 'yarsa ba. Ta dubi sakamakon ta ce, "Baba, hantarka ta tara kitse."

"To, alhamdu lillahi," in ji shi. A saninsa nama mai kitse shi mahauci ke tsuga wa kuɗi.

"Hamdala kullum ana yi, Baba, amma wannan ciwo ne. Bari in tambaye ka, kana shan barasa?"

 Abdulbaƙi ya dubi 'yarsa, ya dubi likitar.

"Ni? Ni da ake ajiye wa wuri a sahun farko? Yarinya, kin san gidan da na fito kuwa?"

"Tambaya ce da muke yi wa kowa, don ita ma tana kawo irin wannan. Tunda ba ka sha, to daga abinci ne da zama." Ta juya ga Nana A'isha ta ce ta ɗan ba su wuri. Da ƙofa ta rufu ta rage murya. "Baba, yaya harkar iyali? Don masu irin wannan ciwon sau da yawa..."

Bai bari ta ƙarasa ba. Ya miƙe ya gyara hularsa. Sa'ar 'yar cikinsa ta fara da kiransa mashayi, yanzu kuma tana neman leƙa masa ɗaki. A waje ya ce wa Nana A'isha, "Ba su san komai ba, sai rashin kunya. Mu tafi."

Wurin da ya je daga baya can bayan ganuwa ne, inda yake ganin ba mai gane shi. Wani mai magani ne da ake kira Audu Mai Ƙwarya, don a ƙwaryar ruwa yake duba. Abdulbaƙi ya zauna a kan buzu ya ce wani abokinsa ne ya aiko shi.

"Abokin naka yana da jiki kamar naka?"

"Kusan haka."

Audu ya kaɗa ruwan da yatsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya girgiza kai. "Namiji mai cikar jiki irin wannan a ce ya kasa? Wannan ba ciwon Allah ba ne, da hannu a ciki. Tambayi abokinka, akwai wani abu da ake ba shi kullum a gidansa, shi kaɗai, ba a ba kowa?"

 Kowane magidanci a Kano akwai abin da matarsa ke ajiye masa shi kaɗai, amma Abdulbaƙi bai tsaya wannan lissafin ba. Tasar gutsure kawai ya gani.

"Ta nan ake shiga," in ji Audu. "An ɗaure shi ne don kada ya kalli wata. Muddin mai hannun tana gidan, ko tulu guda na magani ya sha, a banza."

Ya fito ransa a ɓace, amma a ƙarƙashin ɓacin ran akwai wani sanyi da ya daɗe bai ji ba. Ashe shi lafiyarsa ƙalau. Likita ta ce laifin cikinsa ne, Audu ya ce laifin wata ne, kuma maganar Audu ta fi daɗin haɗiya.

Daga ranar ya sa wa Zaituna ido, kuma duk abin da ya duba sai ya ga shaida. Babbar shaidar ita ce haƙurinta. Wace mace ce za a daɗe haka ba a je mata ba, ba ta yi ƙorafi ba, ba ta kai ƙara gida ba, in ba ta san abin da ta ƙulla ba?

Wata safiyar Alhamis tana tsakar gida tana suyar alkakin garar wata amarya. Ta ga bai fita ba, sai ta tsame gutsure mai zafi ta kawo masa har bakin ƙofa. Ya dubi tasar bai karɓa ba.

"Ci mu gani."

"Azumi nake, Alhaji. Yau Alhamis."

"Azumi. Ai dole ki yi azumi." Ya yi wata dariya. "Tun yaushe kike zuba mini?"

"Zuba me?"

"Abin da kika kashe ni da shi a ɗaki. Kin zaci ba za a gano ba?"

Ta ajiye tasar a ƙasa a hankali. Ta dube shi ta ce, "Alhaji, ka yi a'uziyya. Ɗaya ce ta rage."

"Na sani. Ba sai kin yi mini lissafi ba. Na sake ki."

Mai yana ta ƙara a kasko. Zaituna ta koma ta zauna a kujerarta ta ci gaba da suya, don garar amana ce, kuma bikin jibi ne. Sai da ta soye tas, ta jera a kwalla, ta aika wa masu shi, ta wanke kasko, sannan ta yafa mayafi ta tafi gidan yayanta. Tasar gutsuren tana nan inda ta ajiye ta har tururuwa suka same ta.

A kasuwa da aka tambaye shi abin da ya raba shi da matar ƙuruciya, ya ce, "Abin da na gani a gidana ba ya faɗuwa. Ku dai ku riƙa lura da abin da ake ba ku a baki." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma ya isa. Kurmi ta ƙarasa sauran. Kafin Zaituna ta gama idda, iyayen amare sun fara kai aikin gararsu wani gida. Wa zai sa alkakin mai asiri a kwallar 'yarsa?

Ya zauna yana jiran ɗauri ya warware. Bai warware ba. Sai ma ranar wata Juma'a ya ɗago daga ruku'u ya ga masallaci yana juyawa, ya zube a kan na kusa da shi. Aka kwashe shi sai asibiti, aka ce suga ya hau, jini ma ya hau. Da ya dawo hayyacinsa aka tura shi ganin likita, ya shiga ya tarar da ita dai yarinyar nan.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma Abdulbaƙi ya gwada. Ya dubi bango ya ce, "Likita, wani abokina ne yake da irin ciwon nan nawa. To shi kuma sai abin ya haɗa masa da... harkar iyali."

Likita Shamsiyya ba ta yi ko murmushi ba. "Ka gaya wa abokin naka ba shi kaɗai ba ne, sau da yawa tare suke tafiya. Hanta ita ke sarrafa mai da sukarin da mutum ya ci. In ta cika da kitse, alama ce jiki ya kasa da abin da ake loda masa. Sai hanyoyin jini su fara tauri suna tsukewa, kuma ƙanana ne ke fara nunawa. Na gaban namiji suna cikin ƙananan. Ga shi tumbi kansa yana rage sinadarin da ke ba namiji sha'awa. Shi ya sa wancan karon na tambaye ka. Wani lokacin wannan ce ƙararrawar farko, kafin abin ya kai ga zuciya."

"Ba sammu ba ne ke nan?"

"Ni ban karanta sammu ba, Baba. Kitse dai na gan shi da idona."

"Matar abokin nawa ce ke ba shi alkaki kullum."

"Ɗure take yi masa?"



Ta rubuta masa magunguna, ta ce ya bar lemon kwalba da sukari, ya rage mai, ya riƙa tafiya a ƙafa har ya yi gumi. Ta ce ba ta yi masa alkawarin komai ba, amma hanta tana da haƙuri, in aka sauke mata kaya takan farfaɗo, wani lokacin sauran ma su biyo baya.

Bin dokar bai yi masa wuya ba, don babu mai karya masa ita. Nana A'isha ce ke aiko masa da abinci daga gidan mijinta, kuma tun ranar da aka saki uwarta take fushi da shi, saboda haka tuwo ne da miyar kuka, ko ɗigon man shanu babu. Fushin nata ya zo daidai da takardar likita. Ya bar adaidaita. Bayan sallar asuba sai ya taka har Dala ya hau dutsen, da fari yana hutawa a kowane 'yan matakala yana riƙe da gwiwa, daga baya yana kaiwa sama a miƙe. Damina ta wuce, rani ya shigo. Manyan rigunansa suka fara yi masa yawa. Wata safiya ya farka ya tarar baƙon da ya daɗe da yanke ƙauna da shi ya dawo, ba sallama. Ya yi hamdala. Ya juya gefen da Zaituna ke kwana, ya ga tarin wankinsa a wurin. Duk faɗin Kano mutum ɗaya ce za a iya yi wa wannan albishir.

Ado kaɗai ya faɗa wa cewa yana son matarsa ta dawo, bai faɗa masa dalili ba.

"Biko kuma? Ai ka cinye bikonka tun kana Tsinke," in ji Ado. "Sai dai ta yi wani auren ta fito. A samu wani dattijo mai rufin asiri, a kwana biyu ya sallame ta. Malamai dai sun ce haramun ne, amma ka san mu."

Da wannan shawarar ya je gidan Malam Abdulhakeem. Yayan bai ba shi hannu ba, ya dai shimfiɗa masa tabarma a zaure ya shiga ciki. Zaituna ta fito ta tsaya daga bakin ƙofa. Ta dube shi, ya ga ta lura da ramar, amma ba ta tambaya ba.

"Zaituna, an gano abin. Ba ke ba ce. Hanta ce, kitse ne ya..."

"Ni ai na san ba ni ba ce. Kai ne ba ka sani ba."

"Na warke yanzu. Duka."

"Allah ya ƙara lafiya."

Ya kawo maganar Ado, yana zagaye-zagaye. Ta bar shi har ya gama.

"Wato in je a ɗaura mini aure da wani bawan Allah, in shiga ɗakinsa, in fito, don kai ka warke. Alhaji, lokacin da ba ka da lafiya na ce maka na gaji? Na taɓa kai ƙararka wurin Yaya? Uwata da ta haife ni ta rasu ba ta san abin da ke tsakaninmu ba. Na rufa maka asiri, kai kuma ka ɗauki rufin asirin ka ce shi ne shaida."

"Sharrin shaiɗan ne."

"Shaiɗan bai zauna a rumfarka ya ce a lura da abin da ake ci ba. Rabona da aikin gara tun kafin azumi. Sana'ar kakata ce, a hannuna ta mutu." Ta gyara mayafinta. "Abu ɗaya nake so. Inda ka faɗa, ka koma can ka warware. Ka ce musu ciwo ne ya kama ka, ka faɗi irin ciwon, ka ce ni ban zuba maka komai ba sai zuma. In ka yi wannan, ka dawo mu san maganar da za mu yi."

Ya ce zai yi. Kuma da niyyarsa ya fita.

Washegari da hantsi rumfa ta cika, Ado yana nan, masu goro suna nan, duk waɗanda suka ji maganar farko suna nan. Abdulbaƙi ya yi gyaran murya. Ya dubi kwalaben yajin maza a jere a gabansa. In ya faɗa, ya faɗa ke nan cewa mai yajin ma yajin bai tashe shi ba. Yana cikin wannan sai wani magidanci ya tsuguna ya fara taya kanumfari, ya rage murya ya ce wani abokinsa ne ya aiko shi. Abdulbaƙi ya ƙulle masa a leda. Ya ce a ransa gobe, in mutane sun ragu. Da goben ta zo mutane sun yi kaɗan, ya ga bai kamata a warware babbar magana a gaban mutum uku ba.

Zaituna ta jira har bayan babbar salla. Daga nan ta auri Malam Ari, wani mai ɗinkin hula ɗan asalin Barno da matarsa ta rasu, gidansa yana gindin Dala. Abdulbaƙi ya aiki Ado ya shinshino ko auren na fita ne. Ado ya dawo ya ce, "Ta ce a gaishe ka. Ta ce aure ta yi, ba aikenta aka yi ba." Matan dangin Malam Ari ba su san zancen Kurmi ba, ko sun sani ba su damu ba, suka fara kawo mata aikin gara. A hankali sauran ma suka dawo, don ba a samu mai murɗa alkaki kamarta ba.

Yanzu in ka je Kurmi ka tambayi Alhaji Abdulbaƙi, sai an yi tunani kafin a ce, "Au, Tsinke?" Wasu na cewa karyewa ya yi, wasu na cewa wata muguwar cuta ce ke cinsa, shi ya sa ya zube haka. Yajin ma ya rage tafiya, don ba abin da zai bubbuga ya ce a duba. Likita kuwa ta ce hantarsa ta yi kyau, ta ce da duk marasa lafiyarta za su yi biyayya irin tasa da ta huta.

Kwanakin baya ya yi kiciɓis da Audu Mai Ƙwarya a bakin kasuwa. Audu ya gane shi duk da ramar, ya kama hannunsa ya ja shi gefe.

"Yaya abokin namu? An rabu da mai hannun?"

"An rabu."

"Ya tashi ko bai tashi ba?"

Abdulbaƙi ya ce, "Ya tashi."

"To ka gani! Ni ƙwaryata ba ta ƙarya. In ka ji mai irin lalurar ka turo mini shi."

Har yanzu yana hawan Dala kowace safiya. Daga sama ana hango gidan Malam Ari, kuma ranar da ake suya hayaƙin ke fara nunawa. In rana ta ɗaga sai ka ga yaran unguwa sun yi cincirindo a ƙofar gidan, kowa ya fito yana lasar yatsa. Hanyar da ta fi kusa zuwa Kurmi ta nan ƙofar ta bi. Shi ta ɗaya gefen yake sauka, ya zagaya ta bayan unguwa. Ta fi nisa, amma likita ta ce nisan yana da amfani ga hanta.